Yadda na gyara kuskuren awon zafi a tamokopul nau'in K

Na'urar tattara bayanai da ke haɗe da murhun busar da kaya tana nuna zafi ƙasa da na gaskiya, kuma giɓin yana ƙaruwa idan murhun ya daɗe yana aiki. Na sauya tamokopul ɗin (ma'aunin zafi mai wayoyi biyu na ƙarafa daban-daban), na koma wata tashar a jikin na'urar, na kunna matatar hayaniyar lantarki ta 50 Hz, amma babu abin da ya canja.

Ashe an ƙara tsawon wayar da jan ƙarfe na gama-gari a cikin wani akwati da ke jikin murhun, don haka mahaɗar sanyi, wato wurin da wayoyin tamokopul ke haɗuwa da jan ƙarfe, ta koma can, alhali na'urar tana yin gyaranta ne da zafin bakin tashoshinta. Shi ya sa giɓin yake ƙaruwa idan akwatin ya ƙara ɗaukar zafi.

Na cire jan ƙarfen, na ja wayar ƙari ta KX, wadda aka yi domin nau'in K, har bakin na'urar, koriya a tabbatacce, fara a korau, bisa tsarin launi na IEC, hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya. Na haɗa garkuwar wayar, wato rufin ƙarfen da ke kewaye da ita, da ƙasa a gefe ɗaya kawai, na zaɓi nau'in K a manhaja, na bar na'urar ta ɗumama rabin sa'a. Alhamdulillahi, da na tsoma kan tamokopul ɗin a ruwan dakakkiyar ƙanƙara, na'urar ta nuna kusan digiri sifili.