Neman sauƙi a jami'a ga ɗalibi mai nakasa: yadda na bi ƙofofin a Damagaram

Shan inna ya kama ni ina ɗan shekara uku, ya tafi da ƙafata ta hagu. Da sanduna biyu na yi firamare a Garin Malam, da su na yi kwaleji da lise, da su kuma na shiga jami'a bayan na samu bak. Ƙanena ko ƙanwata, in kai ma ka samu bak bana kuma jikinka na da wata lalura, ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun farko.

Wata shida na farko ban nemi komai wurin kowa ba. Duk wanda ya tashi da nakasa a garin nan ya san irin kallon da ake yi masa in ya tsaya bakin ƙofar wani: kafin ya buɗe baki an fara laluben aljihu. Saboda wannan kallon na yi rantsuwa ba zan taɓa cewa a taimaka mini ba. Kullum ina isa aji bayan an cika, hammatana sun yi jawur saboda sanda, in zauna can baya inda ko muryar malami ba ta kaiwa sosai. Kawuna ne ya lura ina ramewa. Da na ba shi labari ya ce, “Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba ka faɗa ba, wa zai hau rufin?” Laifina ne, domin babu wanda na taɓa yi wa bayani.

Ka fara riƙe wannan: abin da za ka nema haƙƙinka ne, yana rubuce. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2008, kuma sashe na 24 na yarjejeniyar ya ambaci karatun jami'a ƙarara, tare da wajabcin yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da buƙatarsa. Da Faransanci ana ce da shi aménagements raisonnables. Ka haddace kalmar, za ta yi maka aiki a ofis. Akwai kuma dokar ƙasa mai lamba 2019-62 ta ranar 10 ga Disamba 2019, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin shigar da nakasassu cikin harkokin rayuwa. Ni a bayan littafina na rubuta lambar, ranar da na fara shiga ofis kuwa ita ta hana muryata rawa.

Takardar likita ita ce tushe. Ka je babban asibitin ƙasa na Zinder, ko wurin likitan da ya daɗe yana duba ka, tun kafin a koma karatu. A nan mutane da yawa ke kuskure: su karɓo takarda mai layi ɗaya, sunan ciwo da tambari. Ma'aikacin da zai karanta ta ba likita ba ne, sunan ciwo ba ya gaya masa abin da zai yi maka. Ka roƙi likita ya rubuta abin da lalurar ke hana ka. Tawa ta ce ba na iya hawa bene, ba na iya tsayuwa mai tsawo, kuma tafiya mai nisa na jawo mini ciwon ƙugu. Wata abokiyar karatuna zabiya ce, idonta ba ya ganin allo daga layi na uku. Tata takardar ta ce tana buƙatar kujerar gaba, manyan baƙaƙe, da wurin da hasken taga ba ya dukan fuskarta. Ka yi fotokofi aƙalla biyar. Ta ainihin ta zauna gida cikin leda, kada ka bar wa kowa ita.

Sai takardar neman, wadda ake kira demande, da Faransanci, shafi ɗaya ya isa. Sunanka, lambar rajistarka, sashenka, shekarar da kake, lambar wayarka. Daga nan ka jera abin da kake so ɗaya bayan ɗaya. Kada ka rubuta “ina roƙon a duba halin da nake ciki”, domin wannan jimlar tausayi kawai take jawowa, tausayi kuwa ba ya sauko da aji daga bene. Ka ce: a sa darussan rukuninmu a ɗakin ƙasa, a ware mini kujera kusa da ƙofa, a ƙara mini lokaci a jarrabawa. In lokaci kake nema ka faɗi adadi. Abin da aka saba a tsarin karatu irin na Faransa shi ne kashi ɗaya cikin uku, wato jarrabawar awa uku a ƙara awa ɗaya. Makaho ya nemi izinin ɗaukar muryar malami a waya, da mai rubuta masa amsa ko damar amsawa da baki ko da kwamfuta. Kurma ya nemi a riƙa ba shi darasin a rubuce, kuma duk sanarwar da aka yi da baki a aji a tura masa ita ta WhatsApp.

Ƙofofin ba ɗaya ba ne, kuma kowace da abin da ke hannunta. Jami'ar André Salifou, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin nan ɗan Damagaram, tsarinta irin na sauran jami'o'in gwamnati ne. Ofishin scolarité na rajista ne da dosiyenka, can za ka fara sa fotokofin takardar likita. Maganar aji da jadawali da jarrabawa tana wurin shugaban sashenku, sama da shi kuma doyan, wato shugaban faculté ɗinku. Ɗakin kwana, abinci, motar ɗalibai da ɗakin shan magani duk na CROU ne, wato ofishin da ke kula da jin daɗin ɗaliban jami'a. Kuɗin karatu da gwamnati ke ba ɗalibai (bourse) da tallafi na hukumar ANAB ne. In ka kai kukan ɗaki wurin shugaban sashe, zai saurare ka da kyau, amma mabuɗin ba ya aljihunsa.

Zan ɗan tsaya kan ɗakin kwana, don nan ne rayuwa take. Ka nemi ɗakin ƙasa, gadon ƙasa, kusa da bayan gida da famfo. Kowa ya san ƙishirwar Damagaram. Mai ƙafa biyu na ɗaukar jarka ya wuce, ni kuwa hannuwana biyu suna kan sanda, ko buta sai na rataya ta a wuya da igiya. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, taku ashirin tsakaninka da ruwa babban abu ne. In da keken guragu kake yawo, ka je ka ga ƙofar ɗakin da idonka, ka gwada ko keken na shiga, ka duba ko rairayin gabanta zai riƙe taya.

Kowace takarda ka kai, ka kai biyu. Ɗaya ka bar musu, ɗaya ka ce, “Mushe, don Allah a sa mini tambari da kwanan wata a wannan.” Ba rashin yarda ba ne. Ma'aikata na canjawa, dosiye na da yawa, wanda ya ce maka “ba komai, za a yi” na iya samun canjin aiki kafin watan jarrabawa. Takarda mai tambari ita ke magana a madadinka wurin wanda bai taɓa ganinka ba.

Kada ka yi tafiyar kai kaɗai. Delegen ajinku shi ke fara jin an canja ɗaki ko an matso da jarrabawa, ka ba shi lambarka tun makon farko. Ƙungiyar ɗalibai, reshen USN (haɗaɗɗiyar ƙungiyar ɗaliban Nijar), na da bakin da ake ji a CROU. Tarayyar ƙungiyoyin nakasassu ta ƙasa, FNPH, na da mutanen da suka riga ka bin wannan hanya, wasunsu ma sun san yadda ake tsara demande fiye da ni.

Kowace sabuwar shekara ka sake kai takardun, domin malamai da ɗakuna sun canja. Mako biyu kafin jarrabawa kuma ka koma wurin shugaban sashe da fotokofinka mai tambari, ka tambaya a wane ɗaki aka sa sunanka, kuma ko an sanar da masu gadin jarrabawar batun ƙarin lokaci. Ranar jarrabawar ka zo da takardar a aljihu. Ni a aljihun gaban riga nake sa tawa, a naɗe gida huɗu, don in iya zaro ta ba tare da na saki sanda ba.