Darasi na 7: Wutar Filogi da Yoyon Ruwa a Peugeot 504

Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, ta fara fitowa a Faransa a 1968, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006. Injinta mai lita biyu yana da silinda huɗu, jikinsa ƙarfe, top ɗinsa, wato kan injin da ke rufe silinda, kuwa na alminiyam. Abin da ya fi kashe wannan inji zafi ne, kuma zafin kan shigo ta ƙofa biyu: wutar da ba ta zuwa kan lokaci, da ruwan da ke zurarewa.

Daga kwantak zuwa na'urar lantarki

A cikin dilko, wato na'urar da ke raba wa filogi wuta, akwai kwantak, ɗan makunnin da ke sa koyil ya ba da wuta, wanda ke buɗewa sau biyu duk zagaye ɗaya na inji. Idan inji na juyi 3,000 a minti, kwantak ya buɗe sau 6,000 ke nan. Tazarar bakinsa milimita 0.4 ce. Yau da gobe dugadugin da ke gogar sandar dilko yana cinyewa, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa makara. Wutar da ta makara tana sa fetur ya ƙarasa ƙonewa a hanyar salansa, sai mota ta yi nauyi, ta sha mai, ta yi zafi. Sau da yawa lagireto ake zargi, alhali laifin yana cikin dilko.

Ƙaramar na'urar lantarki mai aiki da maganaɗisu tana maye gurbin kwantak da kondansa, kuma babu abin da ke gogar wani a cikinta. Amma kafin ku saya, ku kama sandar dilko ku girgiza. In tana lilo, buushinta ya mutu, sabuwar na'ura ba za ta gyara wannan ba. Sannan ku auna koyil da mita. Yawancin irin waɗannan na'urori suna son koyil mai kusan om 3. Wanda bai kai om 1 ba, yana iya ƙone su. Ku duba takardar da ta zo da taku.

Ku cire kan batir na nagatif, ku kwance kwantak da kondansa, ku ɗaura na'urar a gurbinsu, ku danna zoben maganaɗisu a kan sandar har ya zauna, ku mayar da rota. Jar waya tana zuwa gefen (+) na koyil, baƙa gefen (-). Wanda ya juya su ya yi asarar kuɗinsa nan take. Wayoyin filogi kuma su bi tsarin 1-3-4-2, kuma a Fijo daga ɓangaren giya ake fara ƙirga silinda, ba daga gaban fanka ba.

Aikin bai ƙare ba sai an sake saita taimin, wato lokacin zuwan wuta, da fitilar taimin. Saitin kunne yana yaudara. Tsohon kwantak da kondansa kuwa, ku naɗe su a leda ku ajiye cikin mota: kwantak kan ba da alama kafin ya mutu, na'urar lantarki ba ta sallama.

Ina ruwan yake tafiya?

Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Da dare ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, da safe ɗigon zai nuna wurin. Ku matsa tiyo da hannu; wanda ya yi laushi, ya kumbura ko ya tsage a bakin kilif, a canza shi. Famfon ruwa yana da ƙaramin rami a ƙasa, in yana ɗiga, sil ɗinsa ya gaji. Murfin lagireton da robarsa ta bushe ma yana sa ruwa ya tafasa da wuri ya fice.

Motar tana ɗaukar kusan lita 8. Ku haɗa rabi ruwan kulan, rabi tataccen ruwa marar asid. Ruwan rijiya zalla yana barin farin dutse a bututun lagireto, yana kuma cin alminiyam. Zuba ƙwai ko sabulu don toshe yoyo dabarar kan hanya ce, tana toshe bututun da ke da lafiya tare da mai ciwon. Cire tamostat ma ba magani ba ne.

Idan ruwa na raguwa amma kwali a bushe yake, yoyon na ciki ne. Alamunsa kumfa a lagireto, farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. Galibi gasket ɗin top ne ya ƙone. A nan Fijo tana da tarko: silib ɗinta, wato bututun da fistan ke hawa da sauka a ciki, ba a haɗe suke da jikin inji ba, zaune suke cikin ruwa a kan sil ɗinsu na ƙasa. Da zarar an ɗaga top, a danne su da washa da noti kafin kowa ya juya inji. In silib ɗaya ya motsa, sil ɗin ya tashi, ruwa zai koma cikin mai ko da gasket ɗin sabo ne fil.