Yadda ake dasa furen laima a inuwa ba tare da ya ruɓe ba

Masu sayar da furanni a bakin titi za su ce maka furen laima, wato Schefflera, ba ya mutuwa. Yana mutuwa mana, kuma yawanci ruwa ne ke kashe shi. Asalinsa daga Taiwan da tsibirin Hainan yake, ganyensa 7 zuwa 9 a kan kara ɗaya kamar buɗaɗɗiyar laima, ba ya kaɗewa rani da damina. Ka sayi kore zalla. Mai ɗigon rawaya ya fi tsada, kuma a inuwa mai duhu launin nan gushewa yake yi, ka ga an yi asarar kuɗi.

Wuri mafi kyau shi ne gindin katanga inda hasken safe ke ɗan leƙowa. Kada ka matsa shi jikin dogon yaro ko mangwaro, saiwoyinsu za su cinye masa abinci.

Ramin dasawa ne inda kowa ke faɗuwa. Ka haƙa shi da faɗi, ninki biyu na ledar da ya zo a ciki, amma zurfin kada ya wuce na ledar. Kafin ka dasa, zuba bokiti guda na ruwa ka tafi harkarka. Idan ka dawo bayan awa biyu ka tarar da ruwa kwance, wurin laka ne. Sai ka gauraya ƙasar da yashi da taki wanda ya ruɓe sosai, ka ɗaga wurin ya yi ɗan tudu. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi. Na farko da na dasa, cikin Agusta ganyen ya fara rawaya yana zubowa. Na zaci ƙishi ne, na ƙara masa ruwa. Da na tumɓuke shi, saiwar ta yi baƙi, tana wari kamar kwata.

Ƙasar inuwa ba ta saurin bushewa. Tura yatsa ciki, in da danshi ka bar shi, ko almajirin gidan ya ɗauko bokiti ka ce ya ajiye.

Da hunturu ka riƙa wanke ƙurar ganyen. In ya miƙe ya zama zangarniya, datse kansa da almakashi, zai yi rassa ya cika. Reshen da ka yanke ma, soka shi a yashi mai danshi, yakan kama. Ka dai tsare shi daga yara da kyanwa, ganyen yana ƙona baki.