Kurakuran da aka fi yi wajen sauya wa motar alfarma mai lantarki rim

Yawancin masu sauya rim da ido suke zaɓe: launi, ƙyalli, da yadda zai cika gurbin taya. A ƙaramar motar fetur sau da yawa ana tsira da haka, amma motar alfarma mai lantarki ba ta da wannan afuwar. Porsche Taycan ta haura tan 2, Mercedes EQS tana wajen tan 2.5, BMW i7 kuma ta ɗara haka. Ga ƙarfin injin da ke zuwa gaba ɗaya da zarar an taɓa totur. Duk wannan a kan rim huɗu yake sauka, don haka cewar makanike "ai ya shiga" ba hujja ba ce.

Nauyin da rim zai iya ɗauka

Wannan shi ne kuskuren da ya fi haɗari, kuma shi aka fi tsallakewa, domin ba a ganinsa ranar da aka ɗaura. Kowane rim na kirki yana da iyakar nauyi, a rubuce a bayansa ko a takardarsa. Da yawa daga rim masu kyan gani an ƙera su ne don motocin da ba su kai tan 2 ba. Idan aka sa irinsu, babu abin da zai faru a makon farko. Tsaga ce ke farawa a hankali daga gindin hannuwan rim ko a leɓen ciki, taya ta riƙa sace iska ba tare da ƙusa ba, ranar da aka faɗa rami da gudu kuma ya buɗe.

Gyaran lissafi ne mai sauƙi. A buɗe ƙofa a duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta iyakar nauyin gaba da na baya. A ɗauki wanda ya fi yawa a raba biyu. Idan na baya kilo 1,600 ne, kowane rim sai ya iya ɗaukar kilo 800 ko fiye, kuma gara a bar rara. Mai sayarwar da ya kasa faɗin wannan lamba a rubuce, a bar masa kayansa. Tambarin JWL da VIA na Japan, ko lambar KBA ta Jamus, alamu ne na cewa an gwada rim, sai dai masu jabu ma suna buga tambari, don haka takardar gwaji ta fi tambarin.

Taya ma haka. Lambar da ke bayan girman taya ita ce nauyinta: 98 na nufin kilo 750, 101 kilo 825, 104 kilo 900. Kada a sauka ƙasa da lambar da kamfani ya sa. Idan motar ta zo da taya mai alamar XL ko HL, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi, irinta za a mayar, ko da girman ɗaya ne da wata mai arha.

Ramukan ƙusa da ramin tsakiya

Ramuka biyar ba duka ne ɗaya ba. Tesla Model S tana amfani da 5x120, wato ramuka biyar a kan da'ira mai faɗin milimita 120, Model 3 kuma 5x114.3, Taycan da Audi e-tron GT 5x130, EQS da i7 kuwa 5x112. Inda ake faɗawa tarko shi ne tsakanin 5x112 da 5x114.3. Bambancin milimita 2.3 ne kacal, rim zai hau, noti ma zai kama, amma kowane noti a karkace yake zaune. Ƙusa tana lanƙwasa kaɗan kaɗan a kowane juyi har ta karye. Babu wata dabara a nan illa sayen wanda ya yi daidai.

Ramin tsakiya shi ke zaunar da rim a kan hob, wato ƙarfen da ake ɗaure rim a jikinsa. Na Model S milimita 64.1 ne, na Mercedes 66.6. Masu ƙera rim na kasuwa sukan yi ramin da faɗi don ya shiga motoci da yawa, sai a cike giɓin da zobe. Misali, rim ɗin tsofaffin BMW ma 5x120 ne, amma raminsa 72.6, saboda haka ba zai zauna daidai a Model S ba sai da zoben da ke rage 72.6 zuwa 64.1. In aka manta zoben, sitiyari zai riƙa rawa daga wajen kilomita 90 zuwa 120 a awa, a yi ta komawa wurin balansin ba a dace ba. Kuma tunda babu ƙarar inji da za ta rufe, kowace 'yar girgiza direba zai ji ta. Kafin ɗaurawa a goge fuskar hob da burushin waya, domin tsatsa ko datti kaɗan ya isa ya karkatar da rim.

Lambar ET da wurin birki

ET ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne da hob, a milimita. In ta ragu rim ya fito waje, in ta ƙaru ya shige ciki. Kuskuren shi ne duba ET kaɗai a manta da faɗi. Ƙarin inci ɗaya a faɗi milimita 25.4 ne, rabi ciki rabi waje. Wanda ya tashi daga 8.5J ET35 (faɗin inci 8.5) zuwa 9.5J ET35 ya matsa milimita 12.7 wajen madigadi, ya kuma matsa 12.7 wajen shoka. Idan 9.5J ET25 ya ɗauka, fitowar waje ta zama 22.7. Wannan ya isa taya ta riƙa gugar madigadi, boris ya gaji da wuri, sitiyari kuma ya riƙa bin kowane layi na kwalta.

Abin da ke rikita mutane a waɗannan motoci shi ne tsayinsu ba ɗaya ba ne a kowane lokaci. Masu shokar iska suna runtsawa da kansu idan gudu ya yi yawa. Rim ɗin da ya wuce lafiya a gareji zai iya guga a babbar hanya. EQS kuma tayoyinta na baya ma suna karya kwana, har digiri 10 a wasu. Don haka gwaji na gaskiya shi ne a sauke motar zuwa mafi ƙanƙantar tsayinta, a murɗa sitiyari ƙarshe hagu da dama, a leƙa gaba da baya da fitila.

Sai birki. Taycan Turbo S tana da faifan gaba na milimita 420, da babban kan birki mai fistin 10. Inci 20 ko 21 a rubuce ba ya tabbatar da komai, domin siffar hannuwan rim daga ciki ita ce ke taɓawa. A ɗora rim tsirara ba taya, a ɗaure da noti biyu, a juya da hannu, a tabbatar akwai aƙalla milimita 3 ta kowane gefe. A tuna da dalmar balansin da ake mannawa ciki, ita ma tana cin wuri. Sanya faranti tsakanin hob da rim don gyara sayayyar da ba ta dace ba, a mota mai wannan nauyi, gyaran gangar auzinawa ne.

Girman rim yana cin batir

Babban rim mai buɗaɗɗun hannuwa yana da farashin da ake biya a kowane caji. Rim ɗin kamfani da mutane ke raina wa kyau, mai rufaffiyar fuska, an yi shi ne don iska ta zame. A ƙididdigar hukumar EPA ta Amurka, Model S Plaid ta 2021 ta samu tafiyar mil 396 a caji ɗaya da rim inci 19, amma mil 348 da inci 21. Mota ɗaya, batir ɗaya. Mai son kyan inci 21 ba laifi, amma ya san abin da ya saya.

Tsayin taya gaba ɗaya bai kamata ya canza ba. 245/45 R19 tana ba da kusan milimita 703, 245/40 R20 tana ba da 704, 245/35 R21 kuma 705. Wannan shi ne sauyi mai kyau. Abin da ke raguwa shi ne kaurin gefen taya, daga milimita 110 zuwa 86, kuma wannan gefen ne ke shanye duka kafin ya kai ga rim. Idan tsayin ya kauce da fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100, mitar gudu za ta yi ƙarya, lissafin nisan da caji zai kai ya rikice. A mai inji biyu, gaba da baya, a matse sosai, kada bambancin tayar gaba da ta baya ya wuce yadda kamfani ya tsara, in ba haka ba kwamfutar motar za ta ɗauka wata taya na sulɓi ta riƙa rage ƙarfi. Bayan sauyi a shiga allon motar a gaya mata sabon girman in tana da wurin hakan, kamar yadda Tesla ke da shi.

Noti da ɗauri

Mazaunin noti iri biyu ne aka fi gani: mai tsini kamar mazurari, na digiri 60, da mai zagaye. Tesla da BMW mai tsini suke amfani da shi, Mercedes da Porsche da Audi mai zagaye, rim ɗin kasuwa kuwa galibi mai tsini ne. Wanda ya mayar da ƙusar Porsche ta asali a irin wannan rim, ƙusar a kan siririn layi kawai take riƙe, kuma za ta kwance. Tsayi ma a auna. Ƙusa mai kaurin milimita 14 tana bukatar ta shiga kusan milimita 14, wato wajen juyi 9 a M14x1.5, wadda ke shiga milimita 1.5 a kowane juyi. Mai tsayi fiye da kima kuma tana iya taɓa abin da ke bayan hob.

Bindigar iska ta kwance noti ce. A fara kamawa da hannu, a ƙarasa da sifanar awo, ana tsallake ɗaya zuwa na gabansa. Model S tana son Nm 175 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), Taycan Nm 160. Kada a shafa giris a zaren ƙusa sai in littafin motar ya ce a yi, domin yana sa a wuce ƙima alhali sifana na nuna daidai. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake aunawa.

Ɗaga motar

Batir ne shimfiɗe a ƙarƙashin motar, kuma jak da aka sa a gurguwar wuri zai iya lotsa shi, ɓarnar da ta ninka kuɗin rim sau da yawa. A nemi wuraren ɗagawa huɗu a littafi, a sa robar da aka yi dominsu. Mai shokar iska a kunna mata yanayin jak tukuna, in ba haka ba za ta yi ta ƙoƙarin daidaita kanta tana kan jak.

Na'urar auna iska

Sabon rim yana zuwa babu sensa, wato na'urar da ke auna iskar taya. Ko dai a cire na tsohon a mayar, ko a sayi sabo wanda motar ke ganewa. Wasu suna magana a 315 MHz, wasu a 433 MHz, Model S daga 2021 kuma Bluetooth take amfani da shi, don haka sensar tsohuwar Model S ba za ta yi aiki a sabuwa ba. A tabbatar da wannan kafin a hau da taya, a kuma sauya robar bawul, don kada a sake kwance taya huɗu saboda fitila ɗaya da ta ƙi mutuwa a allo.