Yadda za ka cire injin fetur ka ɗora na gas a ƙaramar mota, a gida

Tun da anka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 nake jin masu Golf a Birnin Kebbi da Jega suna tambayar wai za a iya ɗora ma ƙaramar mota injin gas, wato dizal, kuma mutum shi yi abinsa a ƙofar gida ba sai ya kai Kano ko Kaduna ba. Za a iya, amma aikin ga duk yana ga zaɓen mota da zaɓen inji, in ka yi kuskure a nan to ko wane irin bakanike ka kira wahala za ka sha. Kuma ka sani litar gas ba ta fi ta fetur araha ba a Najeriya, sau da yawa ma ta fi tsada, ribar tana ga ƙarancin shan mai. Golf 3 mai 1.8 tana shan wajen lita 8 zuwa 9 a kilomita 100, ta gas mai lafiya kuma 5 zuwa 6. Wanda ke jigila kullum tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, kusan kilomita 150, ko yana bin hanyar Jega zuwa Koko zuwa Yawuri, shi ne zai ga amfanin, wanda daga gida sai ofis sai masallaci ni dai ban ba shi shawarar taɓa motarsa ba.

Motar da ta fi sauƙi ita ce Golf 2 ko Golf 3 mai injin 1.8, don Volkswagen da kansu sun fitar da waɗannan motoci da injin gas, dangi ɗaya ne da na fetur ɗin, kusoshin giya da wurin zaman inji suna haɗuwa. Ka kula da Golf 3 mai 1.4 da wasu masu 1.6, ƙaramin bulok gare su, giyarsu ba ta kama injin gas, dole ka canza giya da sauran tarkace. Su Starlet da Micra kuwa ka bar su yadda suke, sai an yi ta yanka ana walda kuma gaban motar bai ɗaukar nauyin.

Injin da za ka nema shi ne mai famfon hannu, wato injekta famfo na Bosch wanda babu kwamfuta a jikinsa. Akwai 1.6D na Golf 2 mai ƙarfin doki 54, akwai 1.9D mai lamba 1Y doki 64, sai 1.9 mai tobo, wato na'urar da ke ƙara tura iska cikin inji, lamba AAZ doki 75. Ni 1Y na fi so ma mai haya don babu tobo balle ta lalace, amma AAZ ya fi daɗin tuƙi in an yi lodi. Wani injin gas da ake kira TDI ya fi su ƙarfi duka, sai dai yana zuwa da birenbos, wato kwamfutar inji, da wayoyi da yawa da giyarsa daban, wanga ba aikin ƙofar gida ba ne. Abu ɗaya da mutane ke mantawa, wasu famfunan na shekarun baya-baya suna da makullin tsaro a manne a bayan famfo, in ka sayi irinsa babu makullinsa ba zai tashi ba, ka duba ka tabbata waya ɗaya tak ke shiga solinoyid ɗin kashe inji.

In ka je saye a kasuwar kayan mota, ko Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, kada ka sayi inji tsirara. Ka nemi gaban mota da anka yanko, ko aƙalla a haɗa maka da giya, kik, altaneta, kujerun inji, wayar totur, gidan filtar gas, gidan filtar iska, lagireto da tiyoyinsa, rile na hita mai ɗumama inji kafin tadawa, da bakin salansa. Waɗannan ƙananan abubuwan su ke kwantar da mota wata da watanni in babu su, kuma ɗai-ɗai sun fi tsada. Ka sa a tada injin a gabanka yana sanyi, ka buɗe murfin baƙin mai ka gani, in yana huro hayaƙi da ƙarfi ringi sun tafi ka bar shi. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin.

Kafin injin shi shiga mota, yana ƙasa, a nan za ka canza taimin bel da tenshina da famfon ruwa da faifan kuloci, don in bel ya tsinke a irin wanga inji fistin na dukan bawul ne kai tsaye. Saitin taimin na famfo kuwa ka kira mai gyaran famfo da ma'auninsa, ba a yin shi da ido.

Wajen cirewa, ka sami wuri mai daɓe da inuwa, ka fara cire batir, ka zubar da ruwa da baƙin mai, ka ɗauki hoton kowace waya da wayarka kafin ka zare ta kuma ka manna mata salatif ka rubuta. Cen bulok, wato sarƙar ɗaga inji, za ka ara da ƙarfe mai ƙafa uku, don Allah kada ka rataya inji a reshen darbejiya da igiya, kuma kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, inji da giya sun haura kilo 100 nesa ba kusa ba. Inji da giya tare ake fitar da su tare ake mayarwa. Ka sa giyar gas ɗin, ta fetur za ta ɗauru amma gajera ce, injin gas bai wuce juyi 4,500 sosai, sai ka ji mota tana ihu a kan titi kuma man da kake son tattali shi ƙone a banza.

Sai tanki, nan ne aikin da ya fi son haƙuri. Ka sauke shi ka wanke ka shanya har warin fetur shi fita, nesa da murhu da masu shan taba. Famfon lantarki na fetur da ke ciki a cire shi a sa bututu kawai, don famfon Bosch da kansa yake jawo mai. Tiyo biyu ake buƙata, na zuwa da na komawa tanki, a tsakani kuma filtar gas mai tace ruwa. Gas ɗin shi ne ke ba famfo santsi daga ciki, shi ya sa na bumburutu da anka gauraya da kananzir ko ruwa ke kashe famfo da nozul, ka riƙa sha a gidan man da ka yarda da shi. Bakin tankin fetur wani lokaci ƙarami ne, kan famfon gas bai shiga, a canza shi.

Birki, kada ka yi wasa da shi. Injin fetur shi ke ba sabo, wato tukunyar da ke bayan fedar birki, zuƙon iskar da ke sa birki taushi, na gas bai yin haka, akwai wani ɗan famfon bakum mai zuƙe iska a jikin bulok wanda dole ka haɗa tiyonsa da sabo. In ba a haɗa ba birki zai yi tauri kamar dutse. Sifirin na gaba ma a sa na motar gas don injin ya fi nauyi, kuma in salansar tana da katalis na fetur a cire shi, toshewa zai yi da baƙin hayaƙi.

Wayarin ba shi da yawa, mai wayarin ɗin mota zai gama shi a wuni ɗaya. Wuta daga makulli zuwa solinoyid, waya mai kauri da fiyus da rile zuwa hita fulogi huɗu, sai na zafi da na baƙin mai zuwa dashbod, agogon juyin inji kuma daga ƙafar W ta altaneta yake ɗauka. Batir ka sa babba, mai amp 70 ko 75, don matsin injin gas ya ninka na fetur kuma da sanyin safiyar hunturu sai ka bar hita ta yi aikinta kafin ka murza.

Ranar tadawa ka cika filta da gas da hannu, ka sassauta notocin bututun nozul da sifana 17, a yi ta kik kaɗan-kaɗan, daƙiƙa goma a huta, har mai shi fara tsartuwa babu kumfa sannan ka ɗaure. Kada ka kai hannu wurin, matsin yana iya huda fata. In mai tobo ne ka tanadi katako kusa da bakin iska, in inji ya ƙwace yana tashi da kansa ka toshe iskar shi mutu. Bayan ya tashi ka bar shi har fanka ta kama ta saki, ka duba yoyo, ka gwada birki a cikin unguwa a hankali. Zafin Kebbi a watan Afrilu yana wuce digiri 40, don haka lagireto in yana da shakku a canza shi yanzu, filtar iska kuma ka riƙa duba ta sosai lokacin ƙura.

Kafin ka hau babban titi ka ɗauki rasit da takardun mota ka je ofishin lasisi da wajen VIO, masu duba lafiyar mota, a gyara lambar inji da nau'in mai a takarda, ka kuma sanar da kamfanin inshora, sannan ka rubuta GAS da fenti a murfin tanki saboda yaran gidan mai sun saba ganin Golf su ɗauko na fetur.