Masu a-kori-kura ta dizal, ku kula da filtar mai

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga masu Hilux da ire-irenta da ke ɗaukar albasa daga Gwadabawa ko Wurno zuwa cikin Sakkwato, ga shawara.

Abin da ya fi kashe injin dizal a wajenmu gurɓataccen mai ne. Dizal ɗin jarka na 'yan bumburutu sau da yawa yana ɗauke da ruwa da ƙasa, su kuma injektocin sababbin motoci, wato masu fesa mai cikin injin, ramukansu ƙanana ne ƙwarai, ba su jure wannan. A ƙasan filtar mai akwai ɗan makunni na zubar da ruwan da ya taru. Ka tara roba mai haske, ka kwance shi kaɗan, za ka ga ruwa ya kwanta ƙasa, mai ya taso sama. Ka bari har mai zalla ya fara zuba, sannan ka ɗaure. In fitilar filta ta kama a gaban direba, don Allah kada ka ce sai an dawo daga Illela.

Lokacin hunturu ka riƙa duba filtar iska duk mako. In ta toshe, mota za ta yi baƙin hayaƙi, ta rasa ƙarfi, ta sha mai. Iskar taya kuma da safe ake aunawa, kafin kwalta ta yi zafi.

Abin da ke damuna shi ne cire tamostat (abin da ke sa injin ya kai zafinsa na aiki ya tsaya a kai) da wasu kanikawa ke yi wai don zafin Afrilu. Injin da bai kai zafinsa na aiki ba ya fi shan mai. In mota tana zafi, a wanke lagireto, a duba fanka.