Kurakuran da aka fi yi wajen karanta wutsiyar adireshin intanet

Bara ɗan yayata ya turo min wani adireshi ta WhatsApp, yana murna wai wata hukumar gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Har ya riga ya biya naira 5,000 kuɗin fom. Na kira shi na ce, "Karanto min adireshin daga ƙarshe." Ya ce, "Kawu, ai akwai gov.ng a ciki." Akwai shi kuwa, amma a tsakiya. A bayansa an ƙara ɗigo da wata kalma, sannan aka rufe da .com. Kuɗin sun tafi ke nan, kuma abin da ya fi ɓata min rai, har lambarsa ta NIN ya ba su.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutanenmu: karanta adireshi daga hagu. Daga dama ake gane mai shafi. Ka wuce https:// ɗin nan, ka nemo karkatacciyar sanda ta farko, wato /, ka dubi abin da ta jingina da shi. Nan ce wutsiyar. Idan ka ga jamb.gov.ng, na hukumar JAMB ne. Idan kuwa ka ga jamb.gov.ng.wani-abu.com, to na wanda ya sayi wani-abu.com ne, duk abin da ya jera a gaba ado ne kawai, kowa zai iya rubutawa.

Abin da ya sa .gov.ng take da daraja shi ne ba a sayenta a kasuwa. Sai hukumar gwamnati, kuma sai NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ta amince. Ita ma .edu.ng an keɓe ta ga manyan makarantu. Ita kuwa .gov tsurarta ta gwamnatin Amurka ce kaɗai, don haka ba a can za ka nemi ma'aikatar Abuja ba.

Wasu kuma da sun ga .org sai hankalinsu ya kwanta, su ce ƙungiyar agaji ce. Ƙungiyoyi iri-iri aka nufa da ita a 1985, lokacin da aka ƙirƙiro ta tare da .com ta 'yan kasuwa da .net ta masu samar da layin sadarwa. Amma yau ƙofar ukun a buɗe take. Mai kuɗin rajista zai mallaki kowacce cikin 'yan mintuna, babu mai tambayarsa takarda. Kafin ka tura sadakarka, ka binciki ƙungiyar ta wata hanya dabam. Ƙaramin kwaɗon da wasu manhajojin shiga intanet ke nunawa a gefen adireshi shi ma ba shaidar gaskiya ba ne. Abin da yake nufi kawai shi ne babu mai leƙen saƙonka a hanya, kuma 'yan damfara ma suna da shi.

Wutsiya mai harafi biyu ta ƙasa ce, kuma a nan zato yake yawan kayar da mutum. Najeriya .ng ce, ƙungiyar NiRA ke kula da ita. Nijar .ne, Ghana .gh, Sudan .sd, Chadi kuma .td saboda yadda ake rubuta sunanta da Faransanci. Wanda ya rubuta .ni da nufin Nijar ko Najeriya, Nikaragwa ya dosa. Harafi ɗaya ba wasa ba ne. Ka manta o a .com, ka faɗa .cm ta Kamaru, ka manta m ka faɗa .co ta Kolombiya, kuma akwai masu sayen irin waɗannan sunaye musamman don jiran mai gaggawa. A 2023 aka bankaɗo cewa an shafe shekaru miliyoyin saƙonnin imel na sojojin Amurka suna tafiya .ml ta Mali, saboda masu aikawa suna tsallake i a .mil, wutsiyar sojojin Amurka.

Akwai kuma ƙasashen da wutsiyarsu ta zame musu abin sayarwa. Ita .tv ta Tuvalu ce, wata 'yar ƙasa a tekun Fasifik, .ai kuwa ta tsibirin Anguilla. Ganin .tv bai nuna gidan talabijin mai lasisi ba ne. A ɗaya ɓangaren, kada ka yi wa baƙuwar wutsiya kuɗin goro. Tun da ICANN, ƙungiyar da ke kula da sunayen adireshin intanet na duniya, ta karɓi buƙatun sababbin wutsiyoyi a 2012 aka samu sama da 1,000, irin su .shop da .africa, har ma Alphabet, uwar kamfanin Google, abc.xyz take amfani da shi.

Ga masu sana'a kuma, sunan shafi haya ne, yawanci shekara-shekara ake sabuntawa. Na ga mai shagon atamfa da ta buga adireshinta a leda da kati, wa'adi ya cika ba ta sani ba, wani ya ɗauke. Yaron da ya gina mata shafin da imel ɗinsa ya yi rajistar, duk saƙonnin tuni can suka tafi. A yi rajista da sunanki da imel ɗinki, Hajiya, ki kuma rubuta ranar ƙarewar a littafin da kike rubuta bashi.